Ka koyi hiragana tun kana gida

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana shirin neman makarantar koyon Japananci, kana tambaya ko ka bari sai ka iso ka fara koyon rubutunsu, tunda manhajar da ke wayarka tana nuna maka komai da haruffan boko. Kada ka jira. Makarantu da yawa a nan Japan suna neman shaidar karatun awa 150 ko jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, matakin farko wato N5, kafin su karɓi mutum, kuma babu harafin boko a tambayoyin jarrabawar. In ka iso ma, gwaji za su yi maka don raba aji. Wanda bai iya hiragana ba, wato haruffan da ake fara koyo a rubutunsu, ajin ƙasa ake kai shi, ya yi ta biyan kuɗi masu tsada a kan abin da zai iya koya kyauta a ɗakinsa.

Haruffan 46 ne. Kusan kowanne baƙi ne da wasali a haɗe: か ka, き ki, く ku, け ke, こ ko. Wasulan biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu. Harafi ɗaya ne baƙi zalla, wato ん. Sauran sautuka ƙari ake yi: ɗigo biyu a kafaɗar か ya mai da shi が ga, ɗan zobe a kan は ya ba ka ぱ pa. Sai ƙananan や, ゆ, よ da ake jingina wa harafi a sami kya, gyo, shu, waɗanda bakin Bahaushe ya saba da su tun yana yaro.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kunnenka jari ne. Turawan da muka zauna aji ɗaya da su sun sha wuya kafin su ji bambancin gajeren wasali da dogo, mu kuwa da shi muka tashi. Obasan gwaggo ce, obaasan kaka. Haka baƙi mai ƙarfi: kite na nufin zo, kitte kan sarki ne na wasiƙa, ƙaramin っ ne kaɗai ya raba su. Sai dai mu a boko ba ma rubuta dogon wasali, su kuwa dole ne. Dubi allon tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, za ka ga とうきょう, a harafi-harafi to-u-kyo-u, a baki kuma o biyun ake ja. Wanda ya dogara da "Tokyo" na boko ba zai san da wannan ba, kuma in ya zo bugawa a waya kalmar da yake nema ba za ta fito ba.

Inda za ka yi hattara: つ ba tsa ɗinmu ba ce, kada ka matse maƙogwaro. Sannan ka raba p da f sosai, domin ぷ daban, ふ daban. Haruffa uku kuma suna canza karatu in suna aikin haɗa jimla: は ya koma wa, へ ya koma e, を kuma o.

Ka rubuta da hannu, kallo kaɗai ba ya zaunar da su. Yadda muka yi babbaƙu a allo, a rubuta a wanke a sake, haka za ka yi. Sayi littafin lissafi mai gida-gida, harafi ɗaya ya cika gida huɗu, kana faɗin sautinsa da ƙarfi. Bi tsarin zanen da aka nuna, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Haruffan nan daga rubutun gaggawa da burushi na kanji, wato haruffan da Japanawa suka aro daga Sin, suka fito a zamanin Heian, tsakanin 794 da 1185, shi ya sa in hannu ya bi hanyar da ba ita ba siffar take lalacewa. Masu kama da juna ka jera su wuri guda: ぬ da め, る da ろ, sai ね, れ, わ. Kuma さ da き na bugu ƙafarsu a haɗe take, a rubutun hannu ana ɗaga biro. Haruffa biyar kullum bayan Asuba sun isa, cikin mako biyu zuwa uku ka sauke, daga nan ka kashe haruffan boko a manhajar.

Amfaninsa a kanti za ka fara gani. Juya bayan kwalbar miya ko ledar abinci, sau da yawa za ka tarar da みりん, mirin, wato giyar shinkafa mai zaƙi da suke girki da ita. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin karatu ba ne. Naman alade kuwa yawanci da kanji ake rubuta shi, 豚肉, ka haddace siffarsa tun yanzu ko da ba ka fara kanji ba, waɗanda 2,136 ne a jerin gwamnati.

Kana gamawa ka shiga katakana, ɗaya jerin haruffan nasu, su ma 46, domin da su za a rubuta sunanka a banki da ofishin gunduma. In ka cika shafinka na farko, ɗauki hotonsa ka turo mini in duba maka zanen. Ka gaida Baba da Inna.