Uwata, Ga Dalilin Da Ya Sa Muka Sa Miki Randa

Uwata, saƙonki ya iso, na sa ƙanenki ya karanta mini har sau biyu. Kin ce wata uku da tarewa firjinki ya koma ma'ajiyar kwanuka saboda wuta ba ta zama, kayan miya sai ruɓewa, duk wanda kika kai wa kuka kuma sai ya ce ki yi haƙuri. Sannan kika jefo tambayar: don me har yau muke dagewa sai an sa wa amarya randa da tukwanen ƙasa cikin kayan ɗaki, shi kuma wannan haƙurin da ba ya barin bakinmu, ba lalaci ba ne aka ɗaura wa kallabi?

Na yi dariya, amma ban ga laifinki ba. Kalmar ta sha wuya a hannun mutane. Yanzu in an ce maka yi haƙuri, yawanci ana nufin ka yi shiru ka ba mu wuri. Mai sunanki, Allah ya ji ƙanta, in ta ce haƙuri, aiki take nufi.

Kin san ana cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ni sai da na yi daddawa da hannuna na gane maganar. Ki ɗauki kalwa ki ciza, ki ji in haƙorinki zai shiga. Wannan ƙwayar ake ɗorawa a wuta da yamma, a kwana ana iza mata itace, da safe a surfa a cire ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a juye a rufe da ganye a kawar da kai kwana biyu ko uku. Sai ta yi yauƙi ta fara warin nan da ke korar baƙo, sannan a kirɓa a shanya. Wadda ta fara gano hakan, tukunya nawa kike tsammani ta ɓata? Ta buɗe da wuri ta tarar bai yi ba, ta bari ya wuce ta zubar, ta sake ɗorawa. Ga dutse, ga romonsa a miyar kuka.

Randa kuwa ni ma ta taɓa ba ni kunya. Ina amarya na ga tawa ba ta da kyan gani, kullum bayanta a jiƙe, sai na sayi fenti na shafe ta tas. Surukata ta gani, ba ta ce uffan ba. Mako guda ina shan ruwa kamar an sauke daga murhu, nata kuwa har haƙori yake kamawa. Sai da na gaji na je na tsuguna gaban randarta ina kallo, na taɓa na ji damshi, na ga tana kan yashi a inda iska ke ratsawa. Ashe gumin da na toshe shi ne sirrin. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsatsafowa, iska ta busar da shi ta tafi da zafin, kamar yadda kike jin sanyi in iska ta kaɗa ki bayan kin yi zufa. Na yi fushi da shirun tsohuwar a lokacin. Amma da ta faɗa mini a ranar farko, da na ce tsegumin uwar miji ne.

Kada kuma ki ɗauka wannan sai mu da ba mu je boko ba. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta ne a Jigawa, daga gidan maginan tukwane ya fito. Ya ga manoma na karyar da kayan lambu don kada su ruɓe, yara mata kullum suna yawon talla. Bai ƙago wani abu daga sama ba, randar gargajiya ya zauna ya kalla da kyau. Daga 1995 ya shafe kusan shekara biyu yana gwaji kafin abin ya zauna: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka riƙa yin mako uku. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina dubban tukwane ya raba a ƙauyuka, a 2000 kuma kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo. Shekara biyu fa, Uwata, a kan tukunya biyu da yashi. Na tabbata akwai waɗanda suka riƙa yi masa dariya.

To ga shi kina da tukwanen, an kai miki su kina tura su bayan ƙyaure. Ki samo yashin rafi, ki zuba a gindin babbar har bakin ƙaramar ya yi daidai da nata, ki cike gefen. Ki jiƙa safe da yamma, ki ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, ba cikin kicin ɗin nan naki mai rufaffiyar taga ba. Da rani da hunturu abin ya fi yi, da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sanyin kaɗan ne, sai ki dogara da kauɗa. Ita ma lokacin da tumatir ya yi araha ake yanka shi a shanya, ba sai an ji tsada ba. Kar ki sa wanda ya fashe cikin masu kyau, zai lalata sauran.

Karon farko mai yiwuwa ki cika ruwa ya taru a gindi, ko ki manta yashin ya bushe. Ki duba inda kika kuskure ki sake. Ki riƙa ƙirga kwanakin, in na zo bayan salla ina so ki faɗa mini nawa tumatirin ya yi. Ki gaida mai gidan, ki ce masa yashin shi zai ɗebo.

Goggonki