Zan iya ƙara wa sifikata ƙarfi da amfilifaya don ta kai sab?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina hayar kayan sauti a bukukuwa da wajen wa'azi. Ina da sifika Yamaha DBR12 guda biyu, zan sayi sab, wato sifikar da ke fitar da bas kawai. Wani mai gyara ya ce wat ɗin sab zai danne su, sai na haɗa musu amfilifaya. Kuɗin bashi ne, ina tsoron asara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sifikunka sun isa. Ga ɗakin taro, sab ɗaya mai inci 18 zai riƙe su biyun. A fili kuwa, inda babu bangon da zai tara bas, biyu kake bukata. Ka ajiye su gefe da gefe. Bayan DBR12 akwai makunnin HPF, mai tsame wa sifika bas, ka sa shi a 100 Hz, na sab ma ka sa shi a nan, shi ya ɗauki bas, su kuma su ji da murya.

Amma maganar mai gyaran nan, don Allah kada ka yarda. Sifikarka da amfilifayarta a ciki take zuwa. Ƙofar shigarta sigina daga miksa take jira, wajen bolt ɗaya da ɗan wani abu. Amfilifaya mai wat 500 a om 8 kuwa tana fitar da sama da bolt 60. Ka tura wannan cikin waccan ƙofa, allon ciki ya ƙone nan take, wani lokaci har da amfilifayar. Kullum ana kawo mana irinsu suna warin ƙuna, mai su kuma ya ɗora wa janareta laifi.

Duk wannan ɓarna daga bautar lambar wat ta samo asali. Wata sifika, QSC K12.2, wat 2000 aka rubuta mata, taka 1000, amma a ƙarar da kunne ke ji, waccan 132 dB ce (ma'aunin ƙara ke nan), taka 131. Ninka wat 3 dB kawai yake ƙarawa. To ina dannewar? In sab ya yi yawa, rage shi ake yi da maɓallinsa. Masu buga 5000W a kwali sun san lamba muke saye, shi ya sa. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sukundireba kan kayan mutane ba, domin dukiyar da aka ba shi amana ce, kuma za a tambaye shi.

Kafin ka biya, ka kai sifika ɗaya shagon, a haɗa ta da sab ɗin ka saurara da kunnenka.