Amsa: Me ya hana ka sayar da agogon?

Malam, ka ce tunda waya na nuna lokaci, me zai sa in riƙe Omega Speedmaster shekara da shekaru? Ai ba don duba lokaci nake ɗaura shi ba. Irinsa ɗan sama-jannatin Amurka Buzz Aldrin ya ɗaura a duniyar wata a 1969, kuma ba ruwansa da batir. Kullum bayan sallar asuba sai na murza ɗan kunnensa, in kara shi a kunnena in ji yana ƙyas-ƙyas. Akwai wani ƙarzo a fuskarsa, ƙofar mota ce ta yi masa ranar sunan 'yata ta fari, har yau na ƙi a goge. Sau biyu wani dillali yana tayawa da tsoka, na ce masa albarka.