Amsar Baffa a kan Gandun Itatuwan da Aka Gada

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka yi tambaya kafin ka ɗora gatari a kan itace ko ɗaya. Ka ce marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya bar maka ƙa'idoji uku a kan gandun itatuwan nan: a yi dashe da zarar ruwan farko ya sauka, a riƙe iri guda wanda aka san amfaninsa, a kuma sare yanki ɗaya ƙarƙaf duk bayan shekara bakwai. Kana son sanin ko sauya wannan tsari, yanzu da yanayi ya juya, zai zama raina abin da magabata suka bari.

Bari in gaya maka asalin ƙa'idojin, domin a gabana aka kafa su. Kakanka ya yi shekara da shekaru yana lura da gandun, har ya gane cewa a zamaninsa ruwa in ya fara ba ya yankewa, kuma tohon kututture yakan kai kaurin da ake so cikin shekara bakwai. Lissafin nan ɗiyan lurarsa ne. Idan yau toho yana bukatar shekara tara kafin ya ƙosa, wanda ya sare shi a ta bakwai ya riƙe adadin kakanka amma ya saki hikimarsa, kuma na tabbata da yana raye shi ne zai fara riƙe maka hannu.

Sauyin kuwa gaskiya ne. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2021 ya nuna cewa zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Selshiyas, idan aka kwatanta da tsakanin 1850 da 1900. Mai shuka hatsi yana iya gyara kuskurensa baɗi, amma itacen da ka dasa bana zai sha zafin shekara talatin ko arba'in masu zuwa, saboda haka dole ka yi zaɓinka da wancan lokacin a zuciya.

Maganar dashe da ruwan farko, ni kaina na ɗanɗana kuɗarta. Wata shekara na dasa dukkan abin da na rena da saukar ruwan farko, sai sama ta ɗauke har mako uku, ina ji ina gani ganyen ya yi yaushi, ya naɗe, ya kakkaɓe. Tun daga nan ba na dashe sai na tona rami na sa hannu na ji danshi ya kai gwiwar hannuna, kuma ina raba dashen gida biyu ko uku, don in fari ya cinye na farko na biyu ya tsira. Ka yi wa kowane dashe ɗan kwari a gindi mai tare ruwa, ka rufe da busasshiyar ciyawa, amma kada ciyawar ta taɓa jikinsa saboda gara.

Ƙa'ida ta biyu ce ta fi damuna, kuma a kanta nake roƙonka ka saurare ni da kyau. Gandun da yake iri guda, shekarunsa ɗaya, ciwo guda ke kashe shi. A ƙasar Jamus an daɗe ana dasa wani itace mai ganye kamar allura da ake kira sifurus, sahu bayan sahu, saboda katakonsa. Lokacin da fari ya auka musu daga 2018 zuwa 2020, ƙwaro mai huda ɓawo ya bi dazuzzukan ya bar su a tsaye a bushe. Dalilin shi ne, lafiyayyen itace yana fitar da ƙaro ya toshe ramin ƙwaron ya halaka shi, amma wanda ƙishirwa ta galabaitar ba shi da ruwan yin ƙaron, ga kuma zafi yana ba ƙwaron damar hayayyafa fiye da yadda ya saba a shekara. A yammacin Kanada ma, da hunturu ya rage tsananin da ke kashe tsutsar irin wannan ƙwaro, ɓarnar ta shafi miliyoyin hekta. Alamarsa ba ta da wuyar ganewa: ƙananan huji a ɓawo, da gari mai laushi kamar na zarto ya taru a gindi, sannan itacen ya fara bushewa daga sama.

Ban ce ka tumɓuke irin da mahaifinka ya so ba. Ka riƙe shi, amma duk gurbin da ya buɗe ka cike shi da wani iri daban, musamman masu saiwa mai nutsewa ƙasa da jure fari, irin su ƙirya da marke da bagaruwa. Itacen turare yana saurin girma, sai dai shan ruwansa yana da yawa, don haka kada ka bar shi ya rinjayi sauran. Idan za ka tara iri, ka ɗebo daga uwaye masu yawa, ka fifita waɗanda suka ga fari suka tsallake, har ma da na wuraren da suka ɗan fi naka zafi da ƙarancin ruwa.

Sare yanki ƙarƙaf kuwa ya zama haɗari, domin ruwa yanzu yakan zo da ƙarfi a lokaci guda, ƙasar da aka tsiraita kuma ba ta da abin da zai riƙe ta. Gara ka riƙa zaɓen itatuwan da za ka sare, kana rage cunkoso, saboda waɗanda suka rage su sami isasshen danshi. Ka sare a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututturen ya ruɓar da shi, in ya yi toho ka bar biyu ko uku mafiya ƙarfi, ka cire sauran. Kada ka raina wannan toho, domin yana tsaye ne a kan tsohuwar saiwa wadda ta riga ta kai ga ruwa. Da wannan dabara, wadda Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ya yaɗa tare da manoma a Jamhuriyar Nijar tun daga 1983, aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5.

Ka share gefen gandun kafin ciyawa ta bushe sarai, domin tsawon rani yana ƙara haɗarin gobara, kuma ka hana dabbobi shiga inda toho yake ƙarami. Ka kuma samu littafi ka riƙa rubuta ranar saukar ruwa, da ranar ɗaukewarsa, da irin da ya mutu da wanda ya rayu, ta yadda nan da shekara goma 'ya'yanka za su sami lissafin da ya dace da zamaninsu.

Manyan itatuwan nan da mahaifinka ya yi wa alama a ɓawo, kada ka taɓa ko ɗaya, domin su ne uwayen iri kuma sun riga sun ga fari fiye da sau ɗaya. Idan na sami sarari kafin damina zan zo mu zaga gandun tare, mu tsayar da waɗanda za a sare bana. Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka.