Amsa kan hotunan tsabar kuɗi a wasan yara

Malam, ka tambaya ko za ka iya sanya hotunan tsabar kuɗi a wasan katin da kake haɗa wa yara a Gusau. Hoton kwabo mai huji ko anini da ka gani a intanet haƙƙin wanda ya ɗauke shi ne, saboda haka ka rubuta masa, ka bayyana cewa wasan ba na sayarwa ba ne, sannan ka adana amsarsa. Ni dai na fi son ka aro tsabar a hannun dattawa ka ɗauka da wayarka. Amma naira ɗaya da naira biyu na 2007, Babban Bankin Najeriya ne ya fitar da su, shi za ka tuntuɓa kafin ka buga.