Amsa: jirgin kamun kifi na alminiyum, wane fasali da wane moter?

Malam, ka ce kana so a ƙera maka jirgin alminiyum mai tsawon mita 5 don kamun kifi a kogin Isa, tsakanin Yamai da Bubon, kuma kana tunanin ɗora masa moter mai doki 40. Gaskiya 40 ya yi yawa, esansi kawai za ka riƙa sha. Yamaha Enduro mai doki 15 ya ishe ka da mutum uku da raga da sanduƙin ƙanƙara, kuma kowane makanike na bakin kogi ya san cikinsa, sai dai kar ka manta shi man inji da ake kira 2T ake gauraya masa da esansi.

Gindin jirgin a yi shi shimfiɗaɗɗe, kar a yi mai tsini irin na teku, don wajajen Mayu da Yuni ruwa na janyewa, duwatsu da yashi su fito, ni da kaina na fasa farfela a kan dutse ƙasa da gadar Kennedy, ranar nan da sanda muka turo jirgi har gaɓa. Saboda haka ka nemi moter mai gajeriyar ƙafa, allon baya inda ake ɗaura moter tsayinsa ya zama kusan santimita 38.

Fallen alminiyum kuwa nau'in mai lamba 5052 ko 5083, kaurin milimita 3, kuma walda sai mai gas ɗin argon, mai waldar ƙofa ba aikinsa ba ne ko ya rantse maka. Ka shimfiɗa katako a ciki, alminiyum a ranar Afrilu ƙona ƙafa yake wallahi. A cusa soso marar shan ruwa ƙarƙashin benci, ko da jirgin ya kife ba zai nutse ba.