Itacen gashi a zangon Kumasi, amsa ga Baffa na Gombe

Baffa barka da warhaka, ya Gombe ya su Goggo? Tambayar nan da ka min, wai mu da muke cikin kurmi da wane itace muke gashi tunda ba kirya ba marke a bayan gida, kuma ya muke gane shi in an faskara, wallahi ta tsaya min a rai.

Ku can kun san bishiya tun tana tsaye, mu a Aboabo, unguwarmu a nan Kumasi, sai dai a sauke mana a mota an riga an daddatsa, ba ganye ba 'ya'ya, to dole hannu da hanci su yi aiki. Farko ka ɗaga ka ji nauyi. Akwai wani fari fat da Asantawa ke ce wa wawa, ragowar injin katako ne yawanci, ba nauyi sam, yana kamawa nan take ya cinye bai bar garwashi ba, na hura wuta ne kawai. Wanda muka fi dogara da shi itacen koko ne, in manoma suka sare tsofaffin bishiyoyi, sai kuma na lemo, shi da ka kankare ɓawon da wuƙa hancinka zai faɗa maka. Na roba kuwa ko kyauta ne mahaifina ba ya karɓa, za ka ga ƙaro ya bushe a jikin ɓawon, hayaƙinsa baƙi kuma yana kama nama. Duk katakon da ya sha fenti shi ma ba ya kusantar tukubarmu.

Marke yana zuwa mana amma daga arewa, wajen Kintampo, yawanci ma ya riga ya zama gawayi. In aka dace da busasshen guntu kuwa ba ya ɓuya, ɓawo toka-toka mai ɓarewa, jiki rawaya-rawaya, tsakiya ta yi duhu, ka buga biyu ka ji sun yi ƙara ƙwal. Masu tsire, wanda a Gana ake ce wa cicinga, har rububinsa suke yi. Darbejiya ma akwai, ɗacin nan nata ne ke tona ta, muna girki da ita amma banda gashi.

Kirya ce dai nake jin ciwonta Baffa. Kakanmu da fataucin goro ya kawo shi nan kullum zancenta yake, jan cikin nan nata da taurin da ke dakushe gatari, da garwashin da ke kwana da wuta har asuba, ni na ganta sau ɗaya da na zo bikin nan Gombe amma yarana sunan kawai suka sani. Don Allah in wani zai taho a sa min guntu ɗaya a jaka, ko kamar tafin hannu ne, da ɓawonsa a jiki.